Amobi Okoye: Ɗan Najeriyar da ya shiga NFL yana da shekara 19, aka sallame shi yana da 24

Ranar Asabar, 28 ga Afrilun 2007, a ɗakin taro na Radio City da ke birnin New York, shugaban gasar NFL Roger Goodell ya karanta sunan ɗan wasa na goma da aka zaɓa a wannan shekarar: Amobi Okoye, daga Jami'ar Louisville, zuwa ƙungiyar Houston Texans.

Saura kwana 43 ya cika shekara 20 da haihuwa.

Ba a taɓa ɗaukar ɗan wasa mai ƙarancin shekaru irin haka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa ba, a gasar zari-ruga ta Amurka da ta fi kowace gasar wasanni a duniya samun kuɗi. Kuma ba yaron da aka tsinto daga fili ba ne. Yana riƙe da digirinsa a hannu, ya buga wa jami'a wasa shekara huɗu cif, nauyinsa ya kai kimanin kilo 135.

Lissafin da masu sharhi suka yi a ranar mai sauƙi ne. Idan yaro ya kai haka yana ɗan shekara 19, ina ga ya cika 24 ko 25? Houston ta sayi ɗan wasa, ta kuma sayi lokaci.

Sai dai lokacin da ya cika shekara 24 ɗin, Houston ta riga ta gama da shi.

Daga Anambra zuwa Alabama

An haifi Okoye ranar 10 ga Yunin 1987 a Jihar Anambra. Makonni kaɗan kafin nan ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauki wani Okoyen, wato Christian Okoye ɗan Enugu, wanda daga baya ya zama dodon masu tsaron baya, har ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar a 1989. Sunan ya sa mutane da dama suka ɗauka 'yan uwa ne, amma Amobi ya sha bayyana cewa ba su haɗa jini ba.

Hanyoyinsu ma sun sha bamban. Christian ya fara wasan ne bayan ya wuce shekara 20, ya shiga NFL yana da 25. Amobi kuwa komai nasa da wuri ya zo.

Yana da shekara 12 ya koma birnin Huntsville na jihar Alabama, garin da aka fi sani da cibiyar ƙera rokoki ta hukumar NASA. An fara sa shi a ƙaramar sakandare daidai da shekarunsa. Mako biyu kawai ya yi a can. Da aka gwada shi sai aka ga karatun da ya zo da shi daga gida ya wuce ajin, aka tsallakar da shi zuwa aji tara, inda yawancin ɗalibai 'yan shekara 14 ne.

Daga wannan ranar ya zama ƙaramin kowa a duk inda ya shiga, kuma haka ya ci gaba da zama har tsawon shekaru.

A makarantar Lee High School ya fara zari-ruga yana ɗan shekara 13, bai san ko dokokin wasan ba. Kocinsa ya ba shi shawarar ya je ya riƙa buga wasan bidiyo na Madden don ya fahimci yadda abin yake tafiya. Kafin ya gama sakandare yana da shekara 15, an saka sunansa cikin fitattun 'yan wasan makarantun jihar, a ɓangaren tsaro da na kai hari duka.

Jami'ar Harvard ta buɗe masa ƙofa. Ya zaɓi Louisville da ke jihar Kentucky, saboda can ne ake buga wasan a babban mataki. Duk mahaifin da ya san abin da takardar Harvard take nufi zai fahimci nauyin wannan zaɓi.

Aikin da ba a gani a talabijin

Kafin a gane abin da ya faru da Okoye sai an san gurbin da yake bugawa, domin a nan labarin yake.

A zari-ruga ta Amurka kowace ƙungiya tana da mutum 11 a fili. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10. Idan suka cimma hakan sai a sabunta musu damar, idan suka gaza ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Madugun harin shi ne kwatabak, mai karɓar ƙwallo ya jefa ta ko ya miƙa wa mai gudu. A gabansa akwai ƙarti biyar da aikinsu kawai shi ne su zame masa katanga.

Daura da waɗannan biyar ɗin, hular kwano na kusan taɓa hular kwano, akwai mutum uku ko huɗu na masu tsaro. Su ne sahun gaba. Biyu na tsayawa a gefe, sauran a tsakiya. Okoye ɗan tsakiya ne.

Na gefe yana da fili. Zai iya kewaye abokin karawarsa da gudu. Na tsakiya ba shi da inda zai kewaya, dama da hagunsa duk mutane ne. Da zarar an saki ƙwallo, cikin ƙiftawar ido wani mai nauyin kilo 140 ya riga ya dafe masa ƙirji, sau da yawa ma mutum biyu ne ke haɗuwa a kansa. Gwagwarmayar ba ta wuce daƙiƙa huɗu ko biyar. Sai a tashi a sake jeruwa, a maimaita, sau arba'in ko hamsin a wasa ɗaya.

Wanda ya taɓa zama a filin kokawa zai gane abin da ake yi nan take. Wanda ya fi yin ƙasa da ƙugunsa shi ke ɗaga ɗan uwansa. Wanda ya riga sa hannu a ciki shi ke juya ɗayan yadda ya so. Ƙarfi yana da amfani, amma tsohon ɗan kokawa yana kayar da matashin da ya fi shi ƙarfi saboda ya san inda nauyin yaron ya karkata tun kafin yaron ya sani.

Aikin ɗan tsakiya iri biyu ne. Idan gudu za a yi da ƙwallo, ya toshe hanya, kada a ture shi baya ko da taku ɗaya. Idan jefa ta za a yi, ya keta katangar ya kayar da kwatabak kafin ya saki ƙwallon. Wannan kayarwar ita ake kira sak, kuma ita ce adadin da kowa ke dubawa. Idan mutum biyu suka haɗu suka yi ta, kowa a rubuta masa rabi.

A nan rashin adalcin gurbin yake. Ɗan tsakiya zai iya shafe wasa guda yana riƙe mutum biyu don abokinsa ya samu hanya, a tashi babu komai a gaban sunansa. Masu horarwa suna gani a bidiyo. 'Yan kallo da 'yan jarida sak suke ƙirgawa.

Shi ya sa ake ganin wannan gurbi a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka fi jinkirin nuna. Mai gudu da ƙwallo yana iya haskakawa a shekararsa ta farko. Ɗan tsakiyar sahun gaba yakan buƙaci shekaru yana shan kaye kafin hannunsa ya faɗa.

Louisville

Okoye ya shiga fili a Louisville a 2003 yana da shekara 16, ƙaramin kowa a gasar jami'o'in Amurka, yana karawa da samari 'yan shekara 22 da 23. Koci Bobby Petrino bai ajiye shi a benci ba. Ya buga duka wasanni 13 na wannan kakar.

Shekaru ukun farko ba su da wani abin a zo a gani. Yana shiga, yana fita, yana koyo. A 2005 idon kowa na kan abokin sahunsa Elvis Dumervil, wanda ya kayar da kwatabak sau 20 a kaka ɗaya.

Da Dumervil ya wuce NFL sai fili ya zama nasa. A 2006 Okoye ya fara duka wasanni 13, ya tare mai ƙwallo sau 55, ya yi sak 8. Louisville ta ci wasa 12 ta sha kashi a ɗaya, ta lashe gasar rukunin Big East, sannan ta doke Wake Forest da maki 24 da 13 a wasan Orange Bowl a farkon Janairun 2007. Shi kuwa ya riga ya kammala digirinsa a fannin nazarin halayyar ɗan Adam cikin shekara uku da rabi.

Abin lura a nan shi ne, kaka ɗaya tak ya yi yana gagarar abokan karawa. Sai da ya shekara uku yana sabawa da matakin jami'a kafin ta huɗu ta yi kyau. Wannan darasi yana rubuce ƙarara a tarihinsa ga duk wanda ya so karantawa.

Dokar da ba ta hango irinsa ba

NFL ba ta da dokar shekarun haihuwa. Abin da take da shi shi ne sharaɗin cewa sai ɗan wasa ya shekara uku da barin sakandare kafin a zaɓe shi. Hujjar da gasar ke bayarwa ita ce kare matasa, domin jikin yaro bai kai ya yi karo da na manya ba.

An taɓa kai wannan doka kotu. Maurice Clarett, mai gudu da ƙwallo daga Jami'ar Ohio State, ya ƙalubalance ta, ya yi nasara a kotun farko a 2004, amma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Alƙaliyar da ta rubuta hukuncin ita ce Sonia Sotomayor, wadda daga baya ta zama alƙaliya a Kotun Ƙolin Amurka.

Waɗanda suka tsara dokar sun ɗauka kowa yana gama sakandare ne yana da shekara 18, don haka mafi ƙanƙanta zai iso yana da 21 ko kusa da haka. Okoye ya shekara huɗu da barin sakandare. Ya cika sharaɗin har ya yi rara, amma har yanzu bai kai 20 ba.

Ita kuwa Houston tana da nata ƙishirwar. Ƙungiyar ta fara buga gasar ne a 2002, kuma ba ta taɓa kammala kaka da nasarorin da suka kai yawan rashin nasara ba. Tana rukuni ɗaya da Indianapolis Colts ta Peyton Manning, wanda ya ɗauki kofin Super Bowl a Fabrairun wannan shekarar. Sau biyu suke haɗuwa da shi kowace kaka, kuma hanya ɗaya ce ta hana Manning sakat: a riƙa isa gare shi da wuri.

Don haka ƙungiyar ta yi ta zuba jari a kan masu farautar kwatabak. Jason Babin a 2004, Travis Johnson a 2005, Mario Williams a 2006, wanda ta ɗauka na ɗaya gaba ɗaya ta bar Reggie Bush da Vince Young, abin da ya jawo mata zagi a gari. Okoye shi ne na huɗu a jere.

Ya sa hannu a kwantiragin da ya ba shi tabbacin samun sama da dala miliyan 12. A wancan zamanin babu ƙa'idar albashin sababbin 'yan wasa, waɗanda aka ɗauka a sahun goman farko sukan karɓi kuɗin da tsofaffin hannu da yawa ba su taɓa gani ba. Wanda aka biya kuɗin babba kuwa, aikin babba ake jira daga gare shi, ba ruwan kowa da ranar haihuwarsa.

Satumban 2007

Farkon ya yi kyau fiye da yadda kowa ya zata.

Houston ta ci wasanninta biyu na farko, karon farko a tarihinta. A wasanni huɗu na watan Satumba Okoye ya yi sak 4. Na ƙarshe cikin wasannin ma da Atlanta Falcons ne, wadda tsohon kocinsa Petrino ya koma yana jagoranta. An ba shi kyautar gwarzon sabon ɗan wasan tsaro na wata, yana ɗan shekara 20 da wata uku.

Abin da yake da shi a lokacin shi ne takun farko. Yana tashi kamar an harba kibiya, ya ratsa tsakanin mutum biyu kafin su daidaita ƙafafunsu. Ba a san shi ba, babu isasshen bidiyonsa da za a zauna a nazarta.

Amma a NFL mako ɗaya ya isa a karance mutum. Kowace ƙungiya tana da ma'aikatan da aikinsu shi ne yanka bidiyo, su ware duk motsin ɗan wasa: wace ƙafa yake farawa da ita, wane hannu yake ɗagawa, ya yake tsayawa idan zai kutsa dama. Da aka gane cewa sauri ne makaminsa, sai aka fara jiransa, a bar shi ya wuce da ƙarfinsa a ture shi gefe, ko a nufo shi kai tsaye da gudu mutum biyu a kansa.

A wasanni 12 da suka rage sak 1.5 kawai ya ƙara. Ya gama kakar da 5.5.

Akwai kuma gajiya. Kakar jami'a wasa 12 ce ko 13. Ta NFL a lokacin 16 ce, bayan wasannin share fage huɗu da sansanin horo a zafin Texas. Sababbin 'yan wasa da yawa ƙafarsu kan yi nauyi daga watan Nuwamba.

Duk da haka babu wanda ya damu. Houston ta gama da nasara 8 da rashin nasara 8, mafi kyau a tarihinta zuwa lokacin. Mario Williams ya yi sak 14 ya rufe bakin masu suka. Ga shi ga Okoye, ga DeMeco Ryans a bayansu. An ɗauka an samu ginshiƙin shekara goma.

Yaro a cikin manya

Yana da kyau a dubi irin mutanen da yake fuskanta. A tsakiyar katangar Colts akwai Jeff Saturday, wanda ya girme shi da shekara 12. A Tennessee Titans, ita ma 'yar rukuninsu, akwai Kevin Mawae, wanda ya girme shi da 16. Mawae ya shiga NFL a 1994, lokacin Okoye yana firamare a Najeriya bai taɓa ganin ƙwallon zari-ruga ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Irin waɗannan ba sa bukatar su fi ka ƙarfi. Sun san yadda ake riƙe riga a inda alƙalin wasa ba ya gani, sun san yadda ake jinkirta sakin ƙwallo don mai gaggawa ya yi tsalle kafin lokaci a hukunta shi.

A 2008 rauni a idon sawu ya dame shi. Ga ɗan wasan da duk jarinsa takun farko ne, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ya gama kakar da sak 1. A 2009 ya yi 1.5, a 2010 ya yi 3. Jimilla 11 a shekara huɗu, rabinsu a shekarar farko.

Ba wai ba ya wasa ba ne. Kusan kowane mako da shi ake farawa, kuma yawan tarewar da yake yi ya ƙaru a shekaru biyun ƙarshe. Ɗan wasan da aka ɗauka a zagaye na huɗu da ya yi irin wannan aiki, da an ce an yi dace. Amma shi na goma ne.

Abin da ya ƙara dagula masa lissafi shi ne sunayen da suka biyo bayansa a 2007. Na 11 shi ne Patrick Willis, wanda San Francisco ta ɗauka. Na 12 Marshawn Lynch. Na 14 Darrelle Revis. Willis da Revis yanzu duk suna cikin zauren girmama gwarazan wasan da ke Canton a jihar Ohio. Duk lokacin da ɗayansu ya yi bajinta, magoya bayan Houston sai su tuna cewa ƙungiyarsu ta gan shi ta wuce.

Ita ma ƙungiyar tana da nata kason laifin. An kori mai tsara tsaro Richard Smith bayan kakar 2008, aka naɗa Frank Bush, shi ma aka kore shi bayan 2010. An sauya mai horar da sahun gaba. Kuma tun ranar farko an ɗora wa Okoye cikakken aiki, alhali da yawa daga cikin 'yan tsakiyar da suka yi fice sun fara ne da shiga jefi-jefi, a lokutan da aka tabbata jefa ƙwallo za a yi, har jikinsu ya yi ƙwari. Ƙungiyar da ta ce ta ɗauke shi don gobe ta yi amfani da shi kamar goben ta riga ta iso.

Sallama

Kakar 2010 ta kasance abin kunya ga masu tsaron Houston. Babu ƙungiyar da aka fi keta ta da jefa ƙwallo a duk gasar. Ta gama da nasara 6 kacal. Koci Gary Kubiak ya tsira da kujerarsa, amma aka ɗauko masa Wade Phillips, tsohon hannu, ya gyara tsaron.

Phillips ya zo da tsarinsa: mutum uku a sahun gaba maimakon huɗu. A irin wannan tsari ana son ƙato mai toshe tsakiya, da dogaye biyu masu dogon hannu a gefensa. Okoye, mai tsayin kusan santimita 188, an gina shi ne don ratsa rata guda a tsarin mutum huɗu. Bai dace da ko ɗaya daga cikin guraben ukun ba.

A Afrilun 2011 Houston ta yi amfani da zaɓinta na 11 ta ɗauki J.J. Watt daga Jami'ar Wisconsin. Tazarar da ke tsakaninsa da Okoye ba ta kai shekara biyu ba. Ɗaya ana kiransa sabon jini, ɗayan ana kiransa wanda ya gaza.

A wannan zaɓen dai Philadelphia Eagles ta ɗauki Danny Watkins a zagayen farko, tsohon ɗan kwana-kwana mai shekara 26. Ya girmi Okoye da fiye da shekara biyu, amma shi ranar ce agogonsa ya fara bugawa.

A ƙarshen Yulin 2011, kwanaki kaɗan bayan an warware rikicin da ya rufe gasar tsawon wata huɗu tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa, Houston ta sallami Okoye. Yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen rikicin ita ce ta ƙayyade albashin sababbin 'yan wasa. Sam Bradford, na ɗaya a 2010, ya samu tabbacin dala miliyan 50. Cam Newton, na ɗaya a 2011, duka kwantiraginsa miliyan 22 ne.

Ta fuskar sakamako babu mai cewa Houston ta yi kuskure. A wannan kakar ta lashe rukuninta, ta kai wasannin fitar da gwani karon farko, Watt kuma ya je ya lashe kyautar gwarzon ɗan wasan tsaro na shekara har sau uku.

Chicago

Bai kwana a kasuwa ba. Chicago Bears ta ɗauke shi nan take a kan kwantiragin shekara ɗaya. Tsarin koci Lovie Smith na mutum huɗu ne, kuma ya dogara ne kacokan a kan ɗan tsakiya mai ratsawa da sauri. Mai tsara tsaron, Rod Marinelli, ya yi suna wajen horar da 'yan sahun gaba tun zamanin da yake tare da Warren Sapp a Tampa Bay. A sahun akwai Julius Peppers, akwai kuma Israel Idonije, haifaffen Legas da ya tashi a Kanada.

A Chicago ba shi ne ke farawa ba. Yana karɓar Henry Melton ne, ya shigo da ƙarfinsa ya fita kafin ya gaji. Da wannan taƙaitaccen lokaci ya yi sak 4, adadin da bai kai ba tun shekararsa ta farko. Irin rawar da ya kamata a ce ya fara da ita kenan yana ɗan shekara 20.

A 2012 ya koma Tampa Bay Buccaneers, amma gwiwa ta hana shi sakat, aka yi masa aiki, aka sallame shi kafin a fara kaka. Ya dawo Chicago ya ƙarasa shekarar. Ya zuwa lokacin yana da sak 16 a kaka shida, kuma shekarunsa 25, daidai lokacin da Christian Okoye ya fara.

A tsawon waɗannan shekaru bai yanke da gida ba. Ya kafa gidauniya da sunansa, yana zuwa Najeriya lokacin hutu tare da wasu 'yan wasan NFL, suna raba littattafai da koya wa yara wasan.

Kwana 145

A watan Maris na 2013, yana shirin neman sabuwar ƙungiya, ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga a yankin Houston. Abin ya yi ta maimaituwa. Daga ƙarshe likitoci suka gano wani nau'in kumburin ƙwaƙwalwa ne da ba kasafai ake samunsa ba, wanda garkuwar jiki ke juyawa ta afka wa wasu mahaɗan saƙo na ƙwaƙwalwa da ake kira NMDA.

Cutar sabuwa ce a ilimin likitanci. Sai a 2007, shekarar da aka zaɓe shi, likita Josep Dalmau da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania suka fayyace ta. Ta fi kama matasa, musamman mata. Takan fara da ruɗewa da sauyin hali da mantuwa, shi ya sa sau da yawa ake ɗaukarta a matsayin taɓin hankali kafin a gano gaskiya. Ana maganinta da magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki da kuma tace jini, kuma mafi yawan waɗanda aka gano tasu da wuri suna farfaɗowa, ko da yake a hankali.

Likitoci sun sa Okoye doguwar suma ta kimanin mako 12 don su shawo kan jijjigar. Ya rasa kusan kilo 35. Kwana 145 sun ɓace masa ɗungurungum, daga tsakiyar Maris zuwa farkon Agusta, ba ya tuna komai a cikinsu.

Ya tashi, ya sake gina jikinsa. A watan Mayun 2014 Dallas Cowboys ta ba shi kwantiragin shekara biyu. Mai tsara tsaronta a lokacin shi ne Marinelli, wanda ya san abin da zai iya. Likitoci sun ba shi izinin komawa atisaye, amma ƙungiyar ba ta saka shi a wasa ko ɗaya ba, ta sallame shi a 2015. A 2016 ya gwada sa'arsa a Kanada da ƙungiyar Saskatchewan Roughriders, nan ma bai jima ba.

Wasansa na ƙarshe a NFL ya kasance a kakar 2012.

A 2018 Buffalo Bills ta ɗauki Tremaine Edmunds a zagayen farko, shi ma yana da shekara 19. Nasa saura kwana shida ne ya cika 20.